Ranar da Turarena Ya Hana Tumakin Dutse Shan Ruwa

Ana sallame sallar asuba ranar Laraba muka bar Kazaure, ni da wani abokina, malamin dabbobi da ya yi ritaya. Bazara ta kai maƙura a lokacin, irin wadda tun kafin rana ta fito mutum ke jin rigarsa ta manne masa a baya. Mun tsaya a tasha muka sha koko da ƙosai. Mai ƙosan ta ƙirgo mana guda huɗu a kuɗin da bara ake samun shida, abokina ya ɗaga ɗaya yana dubawa, ya tambaye ta ko su ma ƙosan azumi suke yi ne suka rame haka. Ta ce ya je ya tambayi mai sayar da wake.

Dalilin tafiyar takarda ce. Wani dattijo da ake kira Baba Iro, a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, ya aiko ta bakin abokin nawa cewa yana neman wanda zai karanta wasiyyar kakansa a gaban mai gari. Da Ajami aka rubuta ta, tsohon hannu, tawadar ta koɗe. Limamin garin zai iya, amma surukin Baba Iro ne, shi ya sa mai gari ya ce a nemo baƙo wanda ba shi da kowa a maganar. Na amsa don Allah. Na sa farar riga, na shafa turarena mai kyau kamar yadda nake yi duk sanda zan je gaban manya, na jefa kwalbar a aljihu.

Motar haya ta ɗauke mu zuwa Roni, mu huɗu a baya, da buhun gero biyu da wata akuya a but. Hanyar ba laifi. Duwatsun ƙasar nan kuwa ko sau nawa mutum ya gan su sai ya sake kallo, wani ya hau kan wani kamar da hannu aka jera su, tsarki ya tabbata ga Wanda ya jera. Gonaki duk an share su an tara taki tsibi-tsibi, ana jiran sama. Direba ya ce a garinsu wasu sun yi binne tun makonni uku da suka wuce, suna tsammanin ruwa, har tsuntsaye da gara sun cinye irin.

A Roni muka tarar da ɗan Baba Iro yana jiranmu da babur, ya zo da wani abokin sana'arsa. Sunansa Habu, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ba shi da yawan magana. Shi ya goya ni. Daga nan kwalta ta ƙare, sai rairayi da kwazazzabai. A wani wuri ya tsaya ya nuna mini wani rami mai zurfin tsayin mutum biyu, ya ce nan rabin gonarsa take da. Ruwa ɗaya ne ya tafi da ita bara waccan, a yini guda, bayan an yi kusan wata ba ɗigo.

A kan babur ɗin ya ba ni labarin abin da ake ciki. Bayan garinsu akwai wani babban dutse, a kansa kuma akwai tumaki waɗanda ba na kowa ba. Tumakin dutse suke ce musu. Ba a yanka su, ba a harbinsu, ba sa saukowa gari. Can kusa da ƙololuwa akwai wani kwarmi a jikin dutsen da ke tara ruwan sama, nan suke sha. Gidan su Habu ne ke kula da kwarmin tun zamanin kakan babansa. Yanzu masu fasa dutse sun zo suna son wurin, za su sa nakiya, tifa ta riƙa kwasar tsakuwa, samari su sami aikin yi. Rabin gari na so. Baba Iro ya ce wasiyyar kakansa ta hana a taɓa dutsen har abada. Na tambayi Habu shi ina ya tsaya. Ya ce shi ɗa ne, duk bayan kwana biyu yana hawa da jarkar ruwa saboda ƙafafun Baba sun daina hawa, amma rabonsa da ya ga tunkiya da idonsa tun kaka. Ya ƙara da cewa man fetur ya cinye ribar acaɓa. Bai faɗi fiye da haka ba, ni ma ban matsa ba.

Mun sami Baba Iro a zaure kan buzu, dogon tsoho, idanunsa sun yi fari-fari. Kafin in gama sallama ya ce ai tun ina ƙofar gida hancinsa ya gaya masa malamin birni ya iso. Muka yi dariya. Aka kawo mana fura da nono mai sanyin randa, na sha har sai da na ji kunyar ƙwaryar.

Kafin azahar ya ba mu tarihin tumakin. Ya ce wasu na cewa wani Buzu ne ya sauko da su daga Azbin tare da ayari, suka kuɓuce masa suka haye dutsen. Wasu kuma na cewa tumakin gida ne da aka bari a wata shekarar yunwa, suka koma na daji. Shi bai san gaskiyar ba. Abin da ya sani, jajaye ne kamar kalar dutsen, gajeru, ragon yana da geza a wuya. Yana yaro idan rana ta yi sanyi sai ka ga sun jeru a kan dutsen kamar mutane sun fito kallo. A lokacin kwarmin yana riƙe ruwa daga damina zuwa damina, aikin gidansu kawai yashe shi. Yanzu ruwan sama yana zuwa da ƙarfi lokaci guda, ya wanko ƙasa ya cika kwarmin da laka, sannan zafi ya lashe ragowar tun kafin tsakiyar rani.

Abokina, da yake fanninsa ne, ya ce ƙishirwa ma ba ita ce babbar matsalar ba. Tumakin suna haihuwa ne a daidai lokacin da iyayensu suka saba, gab da faɗuwar damina, don jariri ya tarar da ɗanyar ciyawa uwa ta sami nono. To damina ta ja da baya, ita kuwa tunkiya ba wanda ya gaya mata. Sai ta haihu a tsakiyar fari, nono ya ƙafe, ɗan ya mutu ko dila ya ɗauke. Ga kuma dabbobin gida, da ciyawa ta ƙare a ƙasa sai makiyaya su kora su sama, su cinye abin da ya rage, su bar wa na dajin mura da ƙaiƙayi. Ya ce 'yan Nijar da yake haɗuwa da su a kasuwar Babura suna faɗin haka game da ragon dutse na can arewa, shi ma ganinsa ya yi wuya. Baba Iro ya ci gaba da jan carbinsa.

Bayan azahar aka taru a ƙofar gidan mai gari, ƙarƙashin wata tsamiya. Baba ya fito da takardar daga cikin wata tsohuwar gafaka, naɗe a tsumma. Na sa tabarau, na yi bisimilla. Rubutun mai kyau ne, na mutumin da ya daɗe yana riƙe alƙalami. Ya fara da yabon Allah da salati, sannan ya ce ruwan kwarmin sadaka ne ga tumakin, 'ya'yansa da jikokinsa su kula da shi. Har nan Baba yana gyaɗa kai. Sai idona ya kai layi biyu na ƙarshe, na karanta a zuci tukuna. Na sha furar mutumin nan ɗazu. Amma amana aka ba ni, don haka na karanta yadda yake:

"Muddin tunkiya ko ɗaya tana sha a kwarmin nan, kada a taɓa dutsen. Idan Allah ya ƙarar da su, dutsen na jama'ar gari ne, su yi abin da zai amfane su."

Baba Iro ya ce in maimaita, na maimaita. Ya ce shi dai tun yana yaro rabin farko ake faɗa masa, amma ba zai ƙaryata kakansa ba. Mai gari, mutum mai natsuwa, ya ce to magana ta zo da sauƙi, sai a duba ko akwai mai sha. Ya naɗa wakilinsa ya zama shaida, ni da abokina kuma mu raka, tunda mu baƙi ne.

Yadda suke dubawa ya burge ni. Da la'asar sakaliya ake hawa, a zuba ruwa a kwarmin, a baza rairayi mai laushi a bakinsa, a share shi da reshen sabara har ya yi sumul, a sauko da baya-baya ana goge sawun mutum. Da safe a koma a karanta abin da aka rubuta a kai. Haka Baba ya ce, wai shi ma yana da nasa allon.

Hawan ya ba ni wuya, ba zan ɓoye ba. Sau uku ina zama. Habu yana gaba da jarka a kafaɗa kamar ba komai ya ɗauka ba. Wakili, mai ƙiba kamar ni, ya ce da ya san haka ne da ya roƙi mai gari ya naɗa ƙaninsa. Daga sama ana hango ƙauyuka har wajen Gwiwa, da garken Fulani suna tafe a layi zuwa rijiya. Kwarmin bai fi faɗin tabarma biyu ba, rabinsa busasshiyar laka. Ganin ladan da ke cikin aikin sai na ce wa Habu ya bar ni in zuba ruwan da hannuna. Ya ɗan yi jim, ya dube ni, sannan ya miƙo jarkar. Na zuba, na sa hannu na kwashe ganyen da ke yawo a kai, na wanke fuskata da ɗan abin da ya rage, har na taya su baza rairayin. Ina saukowa ina jin daɗin raina.

Ranar Alhamis bayan asuba muka koma. Rairayin yana nan sumul. Akwai sawun hasbiya, da na ƙadangare, da na agwada a can gefe, amma babu kofato ko ɗaya. Ruwan bai ragu ba sai abin da iska ta sha. Abokina ya zagaya ya zagaya yana duba ƙasa. Wakili ya ce shi abin da ya gani zai faɗa.

A gaban mai gari ya faɗa. Wasu samari suka fara murmushi. Baba Iro ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ne ya ba da su, shi ne kuma ya karɓa, ya lalubi sandarsa zai tashi. A nan ne Habu, wanda ke tsugune a baya, ya matso ya cire hularsa.

"Ranka ya daɗe, gwajin nan bai yi ba. Malam ne ya zuba ruwan, kuma da turare a hannunsa da rigarsa. Tumakin nan ko sabulu suka ji a jikin jarka ba sa sha. Na sani tun jiya."

Mai gari ya tambaye shi me ya hana shi magana a can.

"Na ji nauyin in ce wa malami baƙon babana ya ja da baya. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuma, ranka ya daɗe, raina ya so aikin tsakuwar. Jiya ban ci tuwo da daɗi ba."

Ni kuwa da ƙasa za ta buɗe da na shige. Kwalbar turaren tana aljihuna a lokacin, kuma da safen nan ma sai da na ƙara. Baba Iro ya koma ya zauna, ya juyo da fuskarsa wajena.

"Allah gafarta Malam, ashe hawa ka yi? Ni na ɗauka a gindin dutse za ka tsaya ka yi mana addu'a. Ai ƙamshin nan naka ko amarya sai ta yi atishawa."

Aka kwashe da dariya, har mai gari. Ya ce a sake gwaji sau ɗaya, daga shi babu wani. Ni dai dariyar ba ta shige ni sosai ba, don abokina ya raɗa mini cewa idan akwai mai shayarwa a cikinsu, to ta kwana da ƙishi saboda ni, a wannan zafin.

Yinin Alhamis a aiki ya ƙare. Habu ya kwashe ruwan jiya ya zuba wa wata bishiyar ɗinya, ya wanke kwarmin da toka da ganyen sabara, ya canja rairayin. Wasu daga cikin samarin da ke son aikin tsakuwar suka hau tare da shi da kwanduna suka yashe lakar, suna cewa idan za a yi gwaji a yi na gaskiya, kada gobe a ce sun ci da zalunci. Wani Bafulatani da ke zaune a gefen garin ya ba da aron jakinsa aka kai jarkoki har inda jaki ke iya kaiwa, ya kuma ce zai hana garkensa hawa sama har ruwa ya sauka. Ni aka hana ni kusantar dutsen. Na zauna a zaure na kwafe wa Baba wasiyyar a sabuwar takarda, harafi da harafi, ban rage layi biyun nan ba. Da yamma matar Habu ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, wanda har yau ina tuna shi.

Ranar Juma'a aka yarda in hau, bisa sharaɗi. Na yi wanka da ruwa zalla, aka ba ni wata tsohuwar rigar noma ta Habu wadda ta sha hayaƙin murhu, hannunta bai kai mini gwiwar hannu ba. Abokina ya ce da yana da waya mai hoto da jama'ar Kazaure sun sha kallo. Wannan karon ba mu nufi kwarmin kai tsaye ba. Habu ya jefa ɗan rairayi sama ya ga inda iska ke kaɗawa, ya zagaya da mu ta bayanta, muka kwanta a bayan wani falalen dutse kafin rana ta fito sosai.

Mun daɗe. Ƙafata ta yi sanyi, tururuwa ta sami hanyar shiga rigar. Ina cikin istigfari a zuci sai Habu ya taɓa ni da yatsa. Da farko ban ga komai ba sai dutse. Sai wani yanki na dutsen ya motsa. Rago ne, tsoho, ƙahonsa ɗaya ya gutsure, gezarsa ta yi ruwan toka. Ya tsaya ya daɗe yana shaƙar iska. Sannan tunkiya ta fito daga bayansa, ramammiya, ana ƙirga haƙarƙarinta. Ta wuce shi ta kafa baki a ruwan, ta sha, ta sha, ba ta ɗago ba. A tsakanin ƙafafunta kuma ga wani ɗan abu ja, bai fi zomo girma ba, yana tangaɗi yana neman nono.

Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Wakili ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya ce, "Na gani. Uku." Habu ya kifa goshinsa a kan dutsen.

Bayan sun tafi muka je muka duba rairayin. Abokina ya ce akwai sawun wasu biyu da suka riga su sha kafin mu iso. Biyar ke nan, a dutsen da Baba ya ce da ba sa ƙirguwa.

Mai gari ya yanke cewa dutsen yana nan yadda wasiyya ta ce, kuma kowace bazara za a sake share rairayi a duba. Bai yi wa kowa alkawarin abin da ba ya hannunsa ba. Abokina ya ba da shawara a yi wa kwarmin rumfar zana don rana ta rage shan ruwan, a riƙa ajiye harawa a sama a watan haihuwa, aka kuma raba kai ruwan tsakanin gidaje huɗu don kada ya zama a wuyan mutum ɗaya. Samarin ba su ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsu ba, don aikin da suka sa rai bai samu ba. Baba Iro ya sa aka kira Habu, ya lalubi hannunsa ya damƙa masa gafakar da takardun biyu, tsohuwa da sabuwa. Ya ce shi ya rayu da rabin wasiyya, gara ta zauna a hannun wanda ya san ta duka.

Habu ne ya mayar da ni Roni. Da muka zo wucewa ta ramin da ya cinye gonarsa bai tsaya ba, bai kuma kalla ba. Na tambaye shi ko yana nadama. Ya ce har yanzu bai san da me zai cika rumbu bana ba, amma dai jiya ya ci tuwo. A tasha na ba shi abin da ya sauwaƙa, ya ƙi, sai da abokina ya ce na jarka ne, ba nasa ba.

Mun iso Kazaure ana kiran sallar Juma'a na farko, hadari ya ɗan haɗu ta gabas amma bai zubar ba. Abin da na dawo da shi daga tafiyar nan kaɗan ne. Na ga cewa canjin damina da muke kuka da shi a gona yana kaiwa har kan dutse, ga bayin Allah da ba su da bakin faɗa. Na kuma ga cewa mutum yana iya zuwa da kyakkyawar niyya da tsabtatacciyar riga ya hana mai ƙishi sha, idan bai tsaya ya tambayi masu wuri yadda suke yi ba. Allah ya saukar mana da damina mai albarka, ya raya ɗan ragon nan, ya buɗa wa Habu.

A ƙofar masallaci na sa hannu a aljihu na fito da kwalbar. Na shafa, don ranar Juma'a ce kuma sunna ce. Amma sai da na duba inda iska ke kaɗawa tukuna.